Furen Maman Chizaram

Ɗan yatsan Shatu na cikin ƙasar tukunyar har gaɓa ta biyu lokacin da wayarta ta yi ƙara. Ta zaro shi, ya fito da baƙar laka mai warin kwata. Ta goge a gefen zani, ta ɗauki wayar.

"Maman Rabi, mun shigo Kano," in ji Nwanneka, maƙwabciyarta, wadda duk unguwa ke kira Maman Chizaram. "Bari in ɗan miƙe ƙafa in nemi motar Daura. Kafin magariba ina gida. Yaya yarona?"

Shatu ta dubi yaron. Yaron dai fure ne, yana cikin tukunyar ƙasa a gindin tagar falonta. Ranar da aka kawo shi ganyensa faffaɗa ne, kore shar, ga furanni jajaye masu sheƙi, kowanne da ɗan tsinke rawaya a tsaye a tsakiyarsa. Yau kuwa ganyen ya yi laushi ya zube ta ko'ina kamar lalon da aka tsoma a tafasasshen ruwa, rabi ya yi rawaya. Fure ɗaya ya rage, shi ma ya sunkuyar da kai.

"Lafiya lau," in ji Shatu.

A ƙasar nan ko mutum na kwance a gadon asibiti lafiya lau ake cewa, don haka ba za a kira wannan ƙarya ba. Sai dai ta yi kusa, kuma Shatu ta sani.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan su Shatu da na Nwanneka da mijinta Emeka, mai shagon kayan gyaran babur a bakin tasha. Sun daɗe tare. Nwanneka ce ta riƙe hannun Shatu a asibiti daren da aka haifi Rabi, Rabin da yanzu ke sakandare. Furen nan kuwa mahaifiyar Nwanneka ce ta ciro mata shi daga bayan ɗakinta a can Anambra, a zuwan ƙarshe da ta yi ta same ta da rai. Bara tsohuwar ta rasu, bana aka kira 'ya'ya su je addu'ar shekara. Da Nwanneka za ta tafi ba ta bar wa Emeka furen ba, don Emeka mutum ne da ke manta ya ci abincin rana. Ta rungumo tukunyar ta kawo wa Shatu, ta ce, "A duk garin nan ke kaɗai zan iya bar wa wannan in yi barci."

Ba a banza ta faɗa ba. Shatu ce ake bar wa mabuɗi, da kaji, da yaron da ba a so a je da shi biki. Ba ta taɓa mayar da ko cokali a lanƙwashe ba, kuma tana jin daɗin a san haka, fiye ma da yadda take nunawa.

Dokokin furen ba su da yawa. Kada rana ta taɓa shi kai tsaye, haske dai ta bayan labule. Kada a sa shi ƙarƙashin fanka. A riƙa goge ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwa kuma sai an tura yatsa cikin ƙasar an ji ta bushe. Sunansa wai anturiyam, sunan da ba wanda ya iya riƙewa a gidan, sai aka sa masa Baƙo. Don girmama baƙo Shatu ta ɗauko babbar kwalla cikin kayan aurenta, ta zaunar da tukunyar a ciki daram, kamar don ita aka ƙera ta.

Kullum da safe takan tura yatsa, kullum ta ji danshi. Saboda haka tun tafiyar Nwanneka, makonni ke nan, ko ɗigo ba ta zuba masa ba. Har ta yi wa matan unguwa bayani da murya irin ta masana, cewa shuke-shuken Kudu raƙuma ne, sha ɗaya suke yi ya kai su wata.

Tana tsaye da wayar a hannu mijinta Mainasara ya shigo. Dillalin dabbobi ne, daga kasuwar Mashi zuwa ta Mai'aduwa babu wadda ba a san muryarsa ba. Ya tsuguna gaban Baƙo, ya ɗaga ganye ɗaya kamar kunnen rago, ya leƙa ƙarƙashi, ya saki. Ya ƙwanƙwasa cikin tukunyar, ya girgiza kai.

"Da dabba ne da na ce a kawo wuƙa kafin ya yi mushe."

"Baban Rabi, yau za ta dawo."

"Yau?" Ya sake ɗaga ganyen, ko zai ga wani abu dabam. "Ba ya cin abinci, shi ke nan ciwonsa. Dubi ƙugunsa."

"Ina fure ya ga ƙugu?"

"Komai na da ƙugu, in kin san inda ake dubawa."

Inna, mahaifiyar Mainasara, ta leƙo daga bakin ƙofa tana jan carbi. Ita tuni ta gama bincikenta. "Baki ne. Matan unguwar nan kaf sun zo sun gan shi, wacce kika ji ta ce tubarkalla? Hasana ta gidan mai nama har taɓa shi ta yi, tana cewa kamar na roba. A kawo garwashi in yi masa hayaƙi."

"Inna, don Allah kada a yi masa komai. Kowa ya bar shi yadda yake har in dawo."

Ta ɗauki hoton Baƙo a waya, ta zura hijabi, ta tari adaidaita zuwa tasha. A ranta tana cewa mutumin da ya kwana gida ɗaya da furen nan shekara da shekaru ba zai rasa sanin wani abu ba.

Ta sami Emeka a tsakiyar sarƙoƙi da tayoyi, yana gardama da wani ɗan acaɓa kan fulogi. Ya ba ta benci, aka gaisa, aka tambayi yara. Ta miƙa masa wayar. Ya duba, ya matso da ita kusa da ido, ya nisantar, sannan ya kifa ta a kan kantar shagon a hankali.

"Maman Rabi, ni ban ga wannan hoto ba."

"Baban Chizaram, taimako na zo nema. Ba a samun irinsa a Katsina? In Zakiyyu ya hau babur yanzu, kafin la'asar ya dawo."

Zakiyyu ƙanin Mainasara ne, kuma ba a taɓa jin ya ƙi tafiyar da za a zuba masa mai ba.

Emeka ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ko akwai, madam ta san nata. Ta san lambar injinsa. Da safe shi take fara gaisarwa kafin ni. Na taɓa karya masa ganye ɗaya da gwiwar hannu, sati guda ina cin shinkafa ba nama."

"To me ya same shi? Rana ba ta taɓa shi ba, fankar falo mun kashe ta, muna zaune cikin zafin bazarar nan kamar masu horo. Ƙasar ce dai ke wari."

"Wari? Ya sha ruwa ke nan. Babur in ya faɗa rafi haka yake yi, sai an kwance shi an shanya."

"Ni ko ɗigo ban ba shi ba."

Emeka ya sosa ƙeya. "Ni dai a sana'ata ban taɓa ganin tankin da ya cika kansa ba. In kin ga mai a ciki, wani ya zuba."

Daga nan ya tuna yana da kayan da zai kai wa wani bakanike a garin Babban Mutum, kayan gaggawa, kuma da wuya ya dawo da wuri. Shatu na kallo ya fara jawo ƙofar shago da rana tsaka, abin da ko ranar da aka yi gobara a layin bai yi ba.

Ta iso gida ana kiran azahar. Ba ta wuce madafi kamar yadda ta saba ba. Ta shige falo, ta ja darduma bayan doguwar kujera, ta zauna a ƙasa inda ba a hango ta daga ƙofa. Daga tsakar gida tana jin ƙarar butoci da kurkurar baki.

Mainasara ne ya fara shigowa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya waiga hagu da dama, ya karkata butarsa a kan tukunyar, ya juye abin da ya rage.

"Sha, bawan Allah," ya ce a hankali, ya fita masallaci.

Ko minti biyu ba a yi ba Zakiyyu ya shigo da tasa butar, ya juye, har da girgiza ta kada ɗigo ya tsira. Bayansa Rabi, da kayan makaranta a jikinta. Bayanta ƙannenta biyu suna ture juna, kowa na son nasa ruwan ya riga sauka. Shatu ta toshe bakinta da gefen hijabi. Can sai ga Inna tana takawa a hankali, da babbar butar nan tata ta ƙarfe wadda ke cin rabin bokiti. Ta yi bisimilla ta fara tsiyayawa, tana yi tana lallashi.

"Haba ɗan nan, daure ka sha. Mu nan haka ƙasarmu take, sai haƙuri."

Shatu ta miƙe daga bayan kujera. Inna ta yi baya, saura kaɗan butar ta kuɓuce mata.

A gidan nan ba a zubar da ragowar ruwan alwala a ƙasa haka kawai in akwai mai rai a kusa. Da can zogalen tsakar gida ke sha. To amma baƙo ya sauka, wa zai tsallake baƙo ya shayar da ɗan gida? Ga shi an ce daga ƙasar ruwa ya fito, inda sama ke zuba ba dare ba rana, aka kawo shi Daura da bazara, matar gida kuma ta hana shi ruwa ƙiri-ƙiri, sai dai ta tsokale shi da yatsa kowace safiya. Kowa ya ji tausayinsa. Kowa kuma ya yi nasa a ɓoye, don sadakar da aka ɓoye ta fi lada, kuma don ba mai son Shatu ta gan shi. Ita kuwa a bayan madafi take alwala, a ɗaki take salla, ba ta taɓa cin karo da layin ba.

Da maza suka dawo daga masallaci ta tara gidan a falo. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba su tsoro ke nan.

"Tun yaushe?"

"Tun daren da ya zo," in ji Rabi.

"Kowace salla?"

"Ni har da walaha," in ji Inna, ba tare da wata nadama ba. "Da na ga ya fara laushi kuma na aiki Zakiyyu rijiyar Kusugu ya ciko mini jarka. Ruwan albarka na ba shi, ba na famfo ba."

"Ni ban da ruwa babu abin da na ba shi," in ji Zakiyyu. "Sai ragowar shayi, shi ma ba kullum ba."

Shatu ta juya ga mijinta. Mainasara ya dubi silin.

"Kanwa ce 'yar kaɗan," ya ce. "Na jiƙa na ba shi. Tana buɗe ciki."

Ta kama tukunyar da hannu biyu ta ɗaga. Ta fito daga kwallar da wata ƙara kamar an zare ƙafa daga taɓo, wari ya cika falon, yara suka ruga waje. Kwallar aurenta cike take da baƙin ruwa, har da 'yan tsutsotsin sauro suna wasa a ciki. Ashe duk abin da aka zuba bai sami hanyar fita ba, ita da kanta ta toshe ta. Nan ta haɗiye faɗan da ta tanado. Ta zauna a hannun kujera, kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Matar nan ta ratsa gari guda ta zaɓe ta, ga abin da za ta mayar mata.

Wayar ta yi ƙara. Nwanneka ce, wai mota ta cika sun tashi daga Kano.

Mainasara ya naɗe hannun riga. In akwai abin da ba ya iya gani a duniya, to matarsa cikin damuwa ne, sai kuma dabbar da ba a gyara ba za a kai ta kasuwa.

"Ba ni shi nan. Na sha kai ramammen sa kasuwar Mashi ya shiga kamar ango. Rabi, man gyaɗa. Zakiyyu, tsinken tsintsiya, masu ƙarfi. A kawo zare da almakashi."

Shatu ba ta ce a yi ba, ba ta kuma ce a bari ba. Ya datse ganyen da suka yi rawaya, ya cusa su a aljihu. Sauran ya tokare kowanne da tsinke ta ƙarƙashi, ya ɗaure da koren zare, ya shafe su da man gyaɗa har suka ɗauki ido. Ya barbaɗa busasshen yashi a saman lakar. Ya juya gefen da ya fi lalacewa ya fuskanci bango. Inna ta samu damar da take nema tun safe, ta kawo kasko ta turnuƙe falon da turaren wuta, wai don wari, ta faki ido ta zagaya tukunyar da shi.

Ana cikin haka furen nan ɗaya tilo ya gaji da duniya, ya faɗo kan leda.

Mainasara ya ɗauke shi, ya juya shi, ya ce Rabi ta kawo allura. Ya ɗinke shi a jikin tsinke, ya soke tsinken a tsakiyar tukunya. Sannan ya saki labule, ya kashe ƙwan lantarki, ya ja da baya har bakin ƙofa, ya karkata kai irin na mai saye.

Gaskiya daga bakin ƙofa Baƙo ya yi kyau. Ya ma fi ranar da ya zo ƙyalli.

"Kin gani? Da ma ciniki da yamma ake yin sa, ido ya gaji. Ta zo a gajiye, ki miƙa mata, ta kai gida. Jibi ko gata ya kwanta a hannunta, ta ce canjin wuri ne. Sunanki bai taɓu ba."

"In ta gane fa?"

"Sai a ce a haka muka saya." Ya gyara murya. "A haka muka karɓa, nake nufi."

Shatu ta tsaya tana kallon furen da aka ɗinke. Maganar ta shige ta, ba za a ɓoye ba. Ta hango matan unguwa suna ci gaba da kawo mata mabuɗansu, Hasana ta gidan mai nama ba ta sami abin faɗa a gidan suna ba. Ta kuma hango Nwanneka jibi da safe, ita kaɗai a ɗakinta, tana tambayar kanta me ta yi wa furen uwarta. Wayar ta sake ƙara, sun wuce Kazaure. Shatu ta shiga madafi ta ɗora girkin tarbar baƙuwa, ta zuba gishiri sau biyu ba ta sani ba.

La'asar ta yi sanyi adaidaita ta tsaya a ƙofar gida. Nwanneka ba ta ko shiga nata gidan ba, ta faɗo nasu da jakunkuna, ta rame, idonta ya faɗa. Yara suka yi mata caa. Ta durƙusa ta gaida Inna, Inna ta yi mata ya hanya, ya mutanen gida, ya ƙarin haƙuri. Aka sauke tsaraba, manja da kwakwa da busasshen kifi. Aka kawo ruwa ta sha. Duk wannan idonta na kan ƙofar falo.

"Ina yarona?"

"Yana ciki yana hutawa," in ji Mainasara, ya riga kowa zuwa bakin ƙofa ya tsaya inda ya auna ɗazu. "Daga nan ma kina ganin sa. Kin ga jiki? Kin ga sheƙi?"

Nwanneka ta dafa ƙirji. "Kai, Maman Rabi, har da fure. Na san ban yi kuskure ba."

Wannan maganar ce ta gama da Shatu. Ta ratsa ta gefen mijinta, ta je ta yaye labulen gaba ɗaya. Hasken yamma ya shigo ya faɗa kan tsinkaye da zare da man gyaɗan da ya fara ɗiga. Ta sa yatsu biyu ta zare tsinken tsakiya, da furen a ɗinke a jikinsa, ta miƙa wa Nwanneka.

"Maman Chizaram, na kashe miki shi. Ruwa ya yi masa yawa, saiwar ta ruɓe. Wannan duk kwalliya ce."

Mainasara ya yi tari, ya ce bari ya duba akuya.

Nwanneka ta karɓi tsinken. Ta dubi ɗinkin, ta dubi tukunyar. Sannan ta ce, "Amma na ce miki sai ƙasa ta bushe."

"Ba ita ba ce," in ji Inna daga bayansu. Ta shigo tana dogara bango. "Kada ki ɗora wa yarinyar nan. Ita ko ɗigo ba ta ba shi ba, mu ma abin da ya ba mu haushi ke nan. Ni ce. Kowace salla ragowar butata tasa ce, ban taɓa tsallake shi ba, ko ranar da ƙafata ta kumbura."

"Da ni," in ji Rabi.

"Da mu," in ji ƙannenta, da alfahari.

"Ni har Kusugu na je masa," in ji Zakiyyu.

Daga tsakar gida muryar Mainasara ta taso, wajen akuya. "Kanwar dai ba ta da yawa."

Nwanneka ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Ku duka? Kowace salla?"

"To baƙo ne," in ji Inna. "Kuma an ce na mahaifiyarki ne. Ma bar shi da ƙishi?"

Sai Nwanneka ta zauna a ƙasa, a kan ledar, ta fara dariya. Ta yi ta yi har ta riƙe ciki, tsinken na rawa a hannunta. Yara suka taya ta. Shatu ce ta fara lura dariyar ta canza, kafaɗun na girgiza amma sautin ya zama wani. Ta kori yaran da ido, ta durƙusa kusa da ita.

"Na je bayan ɗakin Mama," in ji Nwanneka, tana share fuska da bakin zani. "Da niyyar in ciro wani in kawo, ya samu ɗan'uwa. Tukwanenta suna nan a jere yadda ta bar su ƙarƙashin rumfa. Duk sun bushe ƙurmus. Gida cike da mutane, 'yan'uwana da matansu da 'ya'yansu, ga rijiya a tsakar gida. Shekara guda ba a sami wanda ya zuba musu kofi ɗaya ba. Ko ganye ban samu ba."

Shatu ta ji hawaye na bin kumatunta, don yanzu ta san girman abin da aka ba ta, ta kuma san shi ke nan babu wani. Inna ta zauna a bakin kujera, carbin ya tsaya a hannunta.

Can Nwanneka ta ja numfashi, ta jawo tukunyar, ta kifar da ita a kan tsohuwar jarida. Ta shiga tona lakar da hannu. Saiwoyin suka riƙa fitowa baƙaƙe, suna narkewa a yatsunta. Ta tsinke, ta yar, ta tsinke, ta yar. A can gefe, wajen da aka juya wa bango, ta tsaya. Wani ɗan toho ne bai fi tsawon yatsa ba, da ganye biyu ƙanana, da saiwa fara guda ɗaya mai ƙwari.

"Wannan bai mutu ba tukuna. Ban ce zai rayu ba."

Ta sa aka kawo gwangwanin madara, Zakiyyu ya huda gindinsa da ƙusa. Aka fasa kwakwar tsaraba aka yayyanka ɓawon, aka daka gawayi sama-sama, aka haɗa da yashi. Ta wanke saiwar, ta dasa tohon, ta danna gefe da babban yatsa. Inna ta miƙa hannu wajen buta, Shatu ta dube ta, ta janye.

Nwanneka ta miƙe da gwangwanin a tafin hannu, ta yi sallama, ta nufi ƙofa. Shatu ta bi ta a baya da jakunkuna. Ta san daga yau ko tsintsiya matar nan ba za ta sake bar mata ba, kuma ba ta ga laifinta ba.

A bakin zaure Nwanneka ta tsaya. Ta dubi ƙofar gidanta da kwado a jiki, Emeka bai dawo daga Babban Mutum ba. Ta dubi gwangwanin. Sai ta juyo, ta wuce Shatu, ta koma falon, ta ajiye shi a gindin taga, ta saki rabin labule.

"A gidana ni kaɗai ke tunawa da Mama," ta ce. "Ya zauna nan. Amma Inna, don girman Allah, ku rage son sa."

Aka kira magariba. Butoci suka fara ƙara a tsakar gida. Shatu ta jawo kujerar tsugunno ta ajiye a bakin ƙofar falo, ta zauna, ta miƙe ƙafafunta ta tare hanya.